Sifikar Agogona a Jikin Jitar Lirwanu

Asabar, 7 ga Agusta, 1999. Gummi.

Wanda duk littafin nan ya faɗa hannunsa wata rana, ya yi haƙuri da ni, na ɗora masa karatun abin da bai shafe shi ba. Ban saba rubuta komai ba in ba darasin matan da nake karantarwa da la'asar ba. Amma yau bakina ya ɗaure ni, maganar kuma ta ƙi zama a ciki.

Yau na yi sallar asuba rana tana kan katanga. Ni Saudatu. Rabona da haka ya fi shekara ashirin, ko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bara ban makara ba.

Ruwa anka kwana ana yi, kwano yana ta ƙara, kunnena na hagu dama ba ya ji sosai, masallaci kuma da nisa daga nan bakin fadama. Shi ya sa nake ajiye agogon da Yaya Nuhu ya kawo mini daga Makka daidai kunnen dama. Mai siffar masallaci ne, in lokaci ya yi ya kira salla. Na ɗauko shi, hannuwa suna tafiya lafiya lau, amma na ji ya yi sauƙi. Na juya bayansa, an kwance kusoshi an mayar, ɗaya ma a karkace.

Lirwanu ne, ɗana mai karatu a Sakkwato. Ya zo hutu da jita, aron wani abokinsa ɗan Zuru. Sati biyu ina haƙuri da ita, tunda a ɗakinsa yake kaɗawa kuma ba ya barin jam'i ya wuce shi. Damuwarsa wai yana so ya ɗauki kiɗan a kaset kafin ya mayar wa mai ita, amma duk sanda ya danna rikoda sai ta ɗauko kukan akuya da taɓaryar ƙanwata Habsu da zakaran maƙwabta, ita jitar can ƙasa kamar sauro.

Na same shi ya ciro 'yar sifikar agogona ya manna ta a jikin jitar da kakin zuma, ya ja waya biyu zuwa rikoda. Har murna yake yi. "Inna, duba ki gani! Ashe abin da ka fidda murya shina iya ɗaukar ta. Jiya na so in mai da miki, barci yak kwashe ni."

Bakin da ke kiran salla, a jikin abin kiɗa. Ban san sanda na ce, wallahi ba ni ƙara yi maka magana sai agogon nan ya sake kiran salla.

Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ni da ban rantsuwa.

Lahadi, 8 ga Agusta

Ya ɓamɓare sifikar, ya tafi da ita da agogon wurin Maikuɗi mai gyaran rediyo a kasuwa. Gobe a gama. Alhamdu lillahi.

Litinin, 9 ga Agusta

Ba a gama ba. Wai ba wuta.

Habsu ta ce in ina da magana da shi in gaya mata ta kai. Na ce mata a'a, wanda ya rantse ba zai yi wa mutum magana ba, in ya aika masa manzo ko takarda ta isa hannunsa, rantsuwa ta karye. Haka na karanta, haka nake karantarwa. Ta ce, "To Yaya, sai ki riƙa yi mai nuni da hanci." Ban yi dariya ba.

Na zuba masa tuwo na ajiye ƙofar ɗakinsa. Ajiye tuwo ba magana ba ne.

Laraba, 11 ga Agusta

Kwana uku sun wuce. Na san hukuncin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku, ba sai wani ya tuna mini ba. Ga rantsuwa ta wannan gefe, ga wancan ta ɗaya gefen, ni a tsakiya, kuma ba ni na kwance kusoshi ba.

Wani abu da ya ƙara ɓata mini rai: ya daina sallama in zai shigo gida. Tari yake yi a zaure, sau biyu, sannan ya shigo. Na gane dabarar. In ya yi sallama dole in amsa, in na amsa na yi masa magana. Ni na koya masa wannan babin yana ɗan shekara goma sha biyu. Yanzu ga ƙaton saurayi yana shigo mini gida da tari kamar mai bin ƙofa da tallan magani.

Alhamis, 12 ga Agusta

Agogo ya dawo gawa.

Abin da na ji Lirwanu yana gaya wa Habsu a tsakar gida, da ƙarfi don in ji: kakin ya sandarar da takardar sifikar, da anka mayar sai kiran salla ya fito kamar tunkiya mai mura. Maikuɗi ya ce bari ya sa wata ta tsohuwar rediyo, garin liƙa dalma ƙarfensa ya taɓa wani baƙin abu a hanjin agogon, nan ne muryar take. Hayaƙi kaɗan, shi ke nan. Wai ko Legas anka kai shi ba mai tashe shi.

Habsu ta ce, "Kai dai Lirwanu ka kashe ladan."

Ya ajiye mini agogon a bakin ƙofa, sifikar daban cikin ƙullin takarda, ya durƙusa ya daɗe. Ina kan sallaya ban juyo ba. Hannuwan agogon har yanzu suna tafiya, wannan ya fi komai ban haushi.

Juma'a, 13 ga Agusta

Da asuba an ƙwanƙwasa mini ƙofa sau uku, ba magana. Na tashi na ji takunsa ya nufi masallaci cikin taɓo. Ba wanda ya sa shi.

Talata, 17 ga Agusta

Gida shiru. Jita tana rataye cikin buhu.

Labari ya isa wurin matan karatu, ba sai na tambayi ko bakin wa ba. Muna cikin darasi Tabawa ta ɗaga hannu, fuska a sake kamar ba komai. "Malama, ke da kinka hana mu cewa wallahi ko ga awon hatsi, in mutum ya rantse ma ɗansa fa, mi za shi yi?" Sauran sunka sunne kai cikin hijabi. Na ba ta amsa kamar yadda take a littafi, na ce ta karanto mini daga inda ta tsaya jiya. Ba ta iya ba. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Asabar, 21 ga Agusta

Yaya Nuhu ya zo daga Bukkuyum duba shinkafarsa, ya biyo. Na ɗauka zai kira yaron ya yi masa faɗa. Na kawo masa agogon da hannu biyu na ce, ga tsarabarka ta Makka yadda anka yi da ita.

Ya juya shi ya juya, sai dariya har da riƙe ciki. "Saudatu, wanga ai bakin tasha nis saye shi a Jidda ranar da za mu taso. Guda shida nik kwaso. Roba ce da batir, ba tufafin Ka'aba ba."

Na ce, ko a ina ka saye shi, sunan Allah ke fita ta bakinsa.

Ya ce, "Ta rediyonki ma shina fita, in an jima kuma a sa goge. Kin rantse ma rediyo?"

Sai yanzu amsar ta zo mini: rediyo ba ni na ba shi amanar asubata ba. Sai dai ya riga ya hau mashin.

Kafin ya tafi ya ce in yi kaffara in huta, miskinai goma, kowa mudun Annabi na gero. Na ce sai dai in yi azumi uku, ba wanda zai sani. Ya nuna rumbu da sandarsa. "Azumi na wanda bai da halin ciyarwa ne, kin fi ni sani. Rumbunki bai ga ƙasa ba."

Ya yi gaskiya, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Wato in bi gida goma da ƙwarya, kowa ya tambaya sadakar me, gari ya ji Malama ta rantse ta kasa. Yaro ya yi ɓarna, ni zan auna gero. Kowa a gidan nan ni yake kallo kamar ni na ƙona agogon.

Ba zan yi ba. Ya sayo wani... a'a, wannan agogon na ce. Ina tune da abin da na ce.

Laraba, 25 ga Agusta

Na je Anka gaisuwar rasuwa, na kwana biyu. Na dawo na tarar:

an kwashe ruwan babbar randata an zuba a bokitai,
bargona na sanyi yana rataye a tagar ɗakinsa,
ƙullin takardar da na ajiye kan kabad babu shi.

Habsu ta ce ita ta ba shi. "Tunda ladan ya mutu, a bar bakinsa ya yi wani aiki mana. Yaro saura kwana goma ya koma." A gidana. Na ce mata ke dai tun kina ƙarama haka kike. Ta ce, "Ni dai ina magana da kowa."

Alhamis, 26 ga Agusta

Da hantsi ina tsintar shinkafa sai na ji abin ya tashi. Ya kifa bakin rikodar cikin randa, sautin ya kumbura ya cika tsakar gida, har kaji sunka tsaya. Ba kamar sauron da ba. Yana da kauri, kamar mutum mai babban ƙirji yana magana a hankali.

Ban tashi ba don shinkafar ba ta ƙare ba.

Asabar, 28 ga Agusta

Wahalar da yake sha kan abin nan, da kan karatu ne da ya zama alƙali. Ba ya ɗauka sai ruwa ya tsaya, sai Habsu ta ajiye taɓarya, sai ya kai akuyoyi bayan gida. Sifikar ta ɓalle ya sake ɗumama kaki a cokali. Ya matsar da ita nan, ya saurara, ya matsar can kusa da inda tsirkiyoyin sunka ɗauru. In waya ta taɓa ƙasa rikoda ta yi gurnani, sai ya ɗaga ta da tsinken tsintsiya. Ba ya juya kaset da batir, biro yake sokawa ya yi ta wulwulawa, don batir huɗu gare shi kuma yana shanya su a rana.

Duk ta ƙofa nake gani, ba leƙe nake ba.

Akwai tsirkiya ɗaya, ta uku daga ƙasa in ban yi kuskure ba, ta sauka kaɗan daga 'yan uwanta. Duk sanda ya taɓa ta sai in ji kamar ɗaliba ta ja wasali inda ba a ja. Shi ba ya ji ne? Kuma yana sauri in ya zo tsakiya, tun yana ƙarami haka yake karatu, ya fara da natsuwa ya ƙare da gudu.

Ba ruwana.

Talata, 31 ga Agusta

Tsirkiyar nan dai. Na ce da ƙarfi, "Habsu," sai na tuna, na ce ta miƙo mini ludayi.

Lahadi, 5 ga Satumba

Ya tafi.

Ya zo da jakarsa da buhun jitar, ya ajiye su a ƙofa, ya durƙusa gaban sallayata. Ya ce, "Inna, za ni koma. Ki yafe mini. Ko ba ki ce komai ba, ki ɗaga mini hannu."

Tun yana aji ɗaya bai taɓa fita ƙofar gidan nan da jaka ba sai na dafa kansa na sa masa albarka da bakina. Na yi tunanin in faɗa wa bango. Amma in ka faɗa wa bango don mutum ya ji, shi ka yi wa magana, Allah ba a yi masa wayo. Na yi tunanin hannun, shi ma nuni ne. Ina cikin lissafin nan Magaji direba ya yi ta danna oda a bakin hanya.

Ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya tashi, ya karkaɗe gwiwa.

Habsu ta raka shi, ta dawo ta tsaya a kaina. "Ɗa ya kama hanyar mota da damina ba albarkar uwa, don roba. Yaya, karatun ga naki wani lokaci..." Ba ta ƙarasa ba, ta shige ɗaki. Ta bar mini wani kaset kan tabarma, wai ya ce a ajiye.

Wai don roba. Ba don roba ba ne, da sunan Allah na rantse. Ba wanda yake so ya gane.

Litinin, 6 ga Satumba

Ba a ƙwanƙwasa ba. Idona biyu tun kafin lokaci.

Laraba, 8 ga Satumba

Magaji direba ya dawo. Habsu ta tare shi, ni ina zaure ina gyara tabarmin ɗalibai. Ya ce sun isa lafiya, sai dai yaron bai ce uffan ba tun daga nan har tasha, ko ƙosan da anka miƙa masa bai karɓa ba. "Hala bai da lafiya?" Habsu ta ce, "Lafiyarsa lau, uwarsa ce ba ta da baki."

A gaban direba.

Asabar, 11 ga Satumba

Na sa kaset ɗin, don in tabbata ba ɗaya daga cikin nawa na karatu ya goge ba. Ba nawa ba ne.

Ba akuya, ba taɓarya. Jitar kaɗai, sai ɗan gurnani can ƙasa da ƙarar yatsunsa in sun goga tsirkiya. 'Yar sifikar ta yi aikin, wannan kam ba zan hana ta ba. Wani wuri ya yi kuskure, na ji ya ja tsaki ya sake daga farko.

Na ji gefe ɗaya har ƙarshe, na juya na ji ɗayan. Sa'a ɗaya da rabi, ko kalma guda bai ce wa uwarsa ba. Ni na rantse, shi ai bai rantse ba. Rikoda a gabansa, kaset ga shi, da ya ce Inna ina wuni mene ne zai ragu a jikinsa? Na sake ji daga farko ko na tsallake wani wuri. Ban tsallake ba. Batir ya mutu ana cikin na uku.

Lahadi, 12 ga Satumba

Biron Habsu ya fi nawa kama haƙoran kaset.

Alhamis, 16 ga Satumba

Na sa an sauko da dami biyu daga rumbu. Habsu ta sussuka, na sheƙe da kaina. Ba ta tambaye ni ba, da ta tambaya da na fasa.

Juma'a, 17 ga Satumba

Samun mutum goma ba ƙaramin aiki ba ne in kana so ka yi daidai. Dole su zama goma daban daban, kuma mabuƙata na gaske, ba wanda kunya ta sa ka ba.

Tsohuwar bayan masallaci da makauniyar da take riƙo, biyu. Matan masunta uku da ruwa ya ci jirgin mazansu. Bafillatanar da ke kawo mana nono, wadda shanunsu sunka mutu bara, ta karɓa tana kallon ƙasa ta ce mi yetti, wato na gode da Fillanci. Gurgun bakin kasuwa. Wasu biyu ba zan rubuta sunansu ba.

Ta goma na nufi Dija maƙwabciyata, na san kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Ta dubi ƙwaryar ta dube ni. "Malama, ni kinka mai da miskiniya? Sadakar mi ce wai?" Na ce ta Allah ce. Ta ce, "Kowace ma ta Allah ce. Ta mi ce?" Ga matan gidan sun fito da tsintsiya a hannu, ga Tabawa ta shigo ɗibar wuta, kamar an aiko ta.

Ƙarya ba ta halatta don a tsare fuska. Na ce kaffarar rantsuwa ce.

Sai Dija ta miƙo zanenta. "To zuba. In don yaron ga ne, ni miskiniya ce har gobe."

Kafin la'asar gari ya ji. Mata sun zo karatu sun fi kullum yawa, Tabawa kuma ta kawo darasinta ba kuskure ko ɗaya. Ban san me take nufi da haka ba.

Asabar, 18 ga Satumba

Ba wai na sauko ba ne. Abin da ya yi bai kyauta ba, har gobe ina kan haka, kuma Yaya Nuhu da Habsu ba su da gaskiya don sun fi ni baki. Kawai dai akwai maganar da ya kamata a gaya wa mutum, ba kuma wanda ya ji ta sai ni. Magaji direba zai tashi da safe, zan naɗe littafin nan a leda in ba shi. Rubuta wata takarda daban ɓata tawada ne.

Lirwanu.

In wannan ya isa hannunka rantsuwa ta karye, an riga an biya, kada ka sa wa ranka komai. Abin da na rubuta kan Tabawa ka tsallake shi.

Tsirkiya ta uku daga ƙasa ta sauka, ka ɗaure ta kafin ka mayar wa mai ita, kada a ce a hannunka ta lalace. Ka daina gudu in ka zo tsakiya. Bargona kuma yana warin kaki.

Ka ci abinci. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya ba ka abin da ka je nema. Wannan na Lahadin da ka tafi ne, ya makara.

Magaji zai juyo ranar Talata. Ka ba shi amsa, ko layi biyu, ko a kaset in ka ga dama, amma da bakinka. Kada ka bari ya dawo hannu wofi.